Gwajin lafiya a wurin aiki: tausayin ma'aikaci ne ko rariyar tace marasa lafiya?

Ɗan Fagge (Nagoya):
Salamu alaikum ’yan zaure. Yau na fito daga ofishin likitan kamfaninmu, abin ya tsaya min a rai, na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Wata biyu ke nan da aka yi mana gwajin lafiya na shekara. A nan Japan doka ce tun 1972, kowane kamfani sai ya yi wa ma'aikatansa na dindindin wannan gwaji sau ɗaya a shekara, kuma shi zai biya. Wata doguwar mota ake kawowa a ajiye a harabar kamfani, a cikinta ake ɗaukar hoton ƙirji. Ka bi layi da ɗan kofin fitsarinka a hannu, manaja a gabanka shi ma da nasa, babu mai yi wa wani dariya. A ɗebi jini, a duba ido da kunne, a auna nauyi, sannan wata nas ta zagaya maka igiyar awo daidai kan cibiya. Bayan makonni takarda ta zo, kowane sashe da harafinsa. Ni a wajen jini na samu harafin da ke nufin "je ka ga likita", don 150 a kan 95 suka gani.

Na jefa takardar a durowa na manta. Ashe su ba su manta ba. Yau likitan ya kira ni, ya buɗe min jadawalin awannin da na ƙara a wata huɗu, ya ce zai rubuta wa shugaban sashenmu a rage min ƙarin awanni har wata uku. Na fito raina biyu. Ɗaya na cewa Alhamdu lillahi an gano da wuri, ɗayan na lissafin kuɗin ƙarin awannin da nake turawa gida ana ginin nan na Rijiyar Zaki. Shin wannan kula ce, ko shiga rayuwar mutum ce?

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya, ni igiyar awon nan ce ta tsaya min. Wato da gaske ne abin da ake yaɗawa cewa a Japan laifi ne mutum ya ajiye tumbi? In haka ne ai rabin manyan zauren nan sai gidan yari.

Ɗan Fagge (Nagoya):
Auta ba ka da dama. Ƙarya ce ake yi, babu wanda ake ci tara saboda tumbinsa. Abin da ya faru shi ne a 2008 gwamnati ta kawo gwaji na musamman ga masu shekara 40 zuwa 74. In ƙugun namiji ya kai santimita 85, na mace 90, kuma aka ga wata alama kamar suga ko hawan jini ko kitse a jini, sai a haɗa shi da mai ba da shawara kan cima da motsa jiki. Masu inshorar lafiya ne gwamnati ke matsa wa in mutanensu ba sa zuwa gwajin, su kuma su matsa wa kamfani, kamfani ya matsa maka. Kai dai ba a karɓar ko yen ɗaya a hannunka.

Maman Iman:
Injiniya, kafin a shiga muhawara, don Allah ka sha maganin in an rubuta maka, kuma ka rage wannan miyar tasu mai gishiri. Shekara 14 ina aikin jinya, bakwai daga ciki a ɗakin shan magani na wata masana'anta a Kaduna. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na tsaye gaban inji lafiya lau, sai ka ga baki ya karkace. Ginin Rijiyar Zaki zai jira, ƙoda ba ta jira.

Ɗan Fagge (Nagoya):
Na gode Hajiya, in sha Allahu. Bari in ƙara bayani don a gane inda abin ya dosa. Gwajin shekara tsohon abu ne. Sabon shi ne wanda suke kira kenko keiei, wato tafiyar da kamfani ta hanyar ɗaukar lafiyar ma'aikaci a matsayin jari. Kuma abin mamaki ba ma'aikatar lafiya ce ta jagorance shi ba, ma'aikatar tattalin arziki da ciniki da masana'antu ce. A 2015 ta haɗa kai da kasuwar hannun jari ta Tokyo suka fara zaɓen kamfanonin da suka yi fice wajen kula da lafiyar ma'aikata, a sanar da masu zuba jari sunayensu. Daga 2017 aka fara ba da takardar shaida ga kamfanoni manya da ƙanana. Manyan da suka fi kowa ana ce musu White 500, daga baya aka yi wa ƙanana nasu, Bright 500.

Ba kuɗi gwamnati ke rabawa ba. Tambari ne kawai, kamfani ya manna a katin ma'aikatansa da tallar ɗaukar aiki. Amma a ƙasar da kusan mutum uku cikin goma sun haura shekara 65, kuma matasa masu neman aiki kullum raguwa suke, tambarin nan yana da daraja. Wasu bankuna ma suna sassauta ruwan bashi ga mai shi. Kamfaninmu na cike takardun neman shaidar duk shekara, shi ya sa ba sa wasa da wanda aka ce ya koma asibiti bai koma ba, don ana ƙirgawa.

Kwamared:
To ka ba kanka amsa da bakinka, Injiniya. Ma'aikatar ciniki, kasuwar hannun jari, ruwan bashi. Ina tausayi a nan? Mai kiwon kaji ma yana yi musu allurar riga-kafi, ba don yana ƙaunarsu ba, don kada ƙwai ya ragu. Ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar da sai da ta ƙirƙiro kalma guda, karoshi, don mutuwar da yawan aiki ke jawowa, ita ce za ta koya wa duniya kula da ma'aikaci?

Baban Khalifa:
Kwamared, in allurar ta hana kazar mutuwa, ita kazar me ya dame ta da niyyar mai kiwo? Ni ina da ƙaramar masana'antar leda a Kano, mutum 38 ke ƙarƙashina. Ranar da mai kula da babban injina ya kwanta zazzaɓi kwana biyar, abin da na yi asara ya fi albashinsa na wata biyu. In lafiyarsa riba ce gare ni kuma alheri ce gare shi, ina laifi?

Kwamared:
Alhaji, laifin yana zuwa ranar da lissafin ya juya. Yau jinyarsa ta fi sauƙi a kan neman wani, shi ya sa kake so ya warke. Ranar da ka gano ciwon nasa na ƙoda ne, wankin ƙoda sau biyu a mako, wane lissafi za ka yi? Ba kai nake nufi ba, Allah Ya sani, tsarin nake nufi.

Maman Iman:
Nan kam ina bayan Kwamared, don na gani da idona. A inda na yi aiki an taɓa kawo ’yan gwaji daga waje, aka ce kyauta ce daga kamfani, har da lemo da biskit. Aka ɗebi jinin kowa. Sakamako bai zo hannuna ba, ni da nake ma'aikaciyar jinyar wurin, kai tsaye ofishin ma'aikata aka kai shi cikin ambulan. Cikin wata biyu mutum huɗu da aka samu da cutar hanta aka ƙi sabunta musu kwantiragi. Ba wanda ya ce saboda ciwon ne, cewa aka yi aiki ya ragu. Ɗaya daga cikinsu ya zo min da takardarsa a ninke cikin hula yana tambayata me aka rubuta, don ko bayani ba a yi masa ba. Wallahi ban san inda zan sa fuskata ba. Shekarar da ta biyo da aka dawo da gwajin, leburori suka riƙa ɓuya a bayan sito. Ka ce musu riga-kafi ya fi magani, su ce maka yunwa ta fi ciwo.

Lauyar Zaure:
Inna lillahi. Maman Iman, abin da aka yi ɗin nan akwai inda doka ta taɓa shi. Dokar hana nuna bambanci ga masu cutar ƙanjamau ta 2014 ta haramta sanya gwajin cutar a matsayin sharaɗin ɗaukar aiki. Ita ta ƙanjamau ce kaɗai, amma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanin lafiyar mutum cikin bayanai masu tsananin sirri, ba a wasa da su yadda aka ga dama. Kuma akwai Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, tana zama a Kano. Matsalar ita ce wanda aka kora ba ya da kuɗin mota zuwa kotun, balle ya tabbatar da cewa ciwon ne dalili.

Injiniya, ni tambayata gare ka ɗaya ce: wa ke ganin sakamakonka?

Ɗan Fagge (Nagoya):
Barista, iri biyu ne. Sakamakon gwajin shekara kamfani na ajiye shi, doka ce ta ɗora masa, kuma likitan kamfani ke duba shi ya ba da ra'ayi, misali a rage wa wane aikin dare. Duk wurin aikin da ya kai mutum 50 dole ya naɗa irin wannan likita. Na biyu shi ne gwajin damuwa da aka wajabta daga Disamba 2015, tambayoyi 57 ne muke amsawa a kwamfuta: kana barci, kana jin shugabanka na sauraronka, aiki ya fi ƙarfinka. Wannan kam sakamakonka naka ne, ba a ba kamfani sai da yardarka. Abin da suke gani shi ne jimillar sashe, a ce sashe kaza mutanensa a gajiye suke.

Amma gaskiyar magana, abin da ya sa ban ɓuya a bayan sito ba shi ne korar ma'aikacin dindindin a nan da wuya take ƙwarai, kotu na soke korar da ba ta da ƙwaƙƙwaran dalili. In na kwanta jinya kuma inshora na biyana kusan kashi biyu cikin uku na albashi har shekara ɗaya da rabi. A asibiti kashi 30 cikin ɗari nake biya. Da babu waɗannan, ni ma da na bi sahun mutanen Hajiya.

Kwamared:
Yauwa. Ashe ba igiyar awo ce ke aiki ba, katangar da ke bayanka ce. Kuma ka faɗa wa jama'a sauran labarin. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na ma'aikatan Japan ba na dindindin ba ne. Ga baƙin da ake kawowa daga Biyetnam da Indonesiya da sunan koyon sana'a, waɗanda ƙorafin cin zalinsu ya yi yawa har sai da majalisarsu ta amince a 2024 a sauya tsarin. Su ma suna da likitan da ke rage musu awanni?

Sannan a Disamba 2015, shekarar da aka fara raba lambar yabon nan, wata matashiya ’yar shekara 24 da ke aiki a kamfanin talla na Dentsu ta kashe kanta bayan ta yi ƙarin aiki sama da awa 100 a wata. Hukuma ta amince aiki ne sanadi. Da aka je kotu a 2017 tarar da aka ci kamfanin yen 500,000 ce. Kuɗin da bai kai farashin tsohuwar mota mai kyau ba.

Ɗan Fagge (Nagoya):
Duk gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Sai dai wannan mutuwar ce ta girgiza ƙasar har aka yi dokar da ta fara aiki a Afrilu 2019 ga manyan kamfanoni, 2020 ga ƙanana. Ƙarin aiki kada ya wuce awa 45 a wata, 360 a shekara. Ko a lokacin matsi dole ya gaza awa 100 a wata. Kuma dole kamfani ya tabbatar ka ci hutun kwana biyar aƙalla cikin hutunka na shekara, don da can mutane kunyar ɗaukar hutu suke. Mu yanzu ƙarfe takwas na dare fitilun ofis ke mutuwa da kansu. In gaya muku gaskiya kuma, akwai masu kunna fitilar tebur su ci gaba, akwai masu tafiya da aikin gida.

Wani abin ma dariya ya zama. A 2017 gwamnati da ƙungiyar manyan ’yan kasuwa suka kawo tsarin a tashi ƙarfe uku na rana a Juma'ar ƙarshen wata, wai mutane su huta su yi sayayya. Ƙarshen wata fa, lokacin da akawu ke rufe lissafi. Na yi murna na ce na samu Juma'a a sauƙaƙe. Ban taɓa ganin wanda ya tashi ba.

Auta:
Mu ai mun riga su. Je sakatariya ranar Juma'a ƙarfe sha biyu ka ga ko akwai kowa. Ba doka ba sanarwa.

Malam Na-Maraɗi:
Auta, Allah Ya shirye ka. Ni dai abin da zan ce, kowace ƙasa da abin da ke kashe ma'aikacinta. Su can tsufa da damuwa da zaman kujera. Mu nan zafi ne da ƙura da masassarar cizon sauro. A watan Afrilu ka shiga shagon walda ko gidan burodi a Maraɗi da azahar, rufin kwano, babu fanka, ka ga yaro na aiki da bakinsa a bushe. Wannan ba tambaya 57 yake buƙata ba, randar ruwan sanyi yake buƙata da a bar shi ya zauna a inuwa in rana ta take. Muna da CNSS, asusun kula da ma'aikata na Nijar, da ke biyan haɗarin aiki, amma sai wanda maigidansa ya rubuta sunansa. Masu walda da masu dako nawa ne aka rubuta?

Lauyar Zaure:
Malam, ciwonmu ɗaya. Bari in ɗan tsawaita, don mutane da yawa ba su san haƙƙinsu ba.

A Najeriya akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, hukumar NSITF ke riƙe da asusun. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin da yake biya kowane wata, kuma haramun ne ya cire daga albashinka. In ka ji rauni a bakin aiki, ko aikin ya sa maka cuta, ko ka yi haɗari a hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida, akwai diyya. Har damuwar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo dokar ta ambata. Abin da ya fi muhimmanci, ma'anar ma'aikaci a dokar ta haɗa da na wucin gadi da mai koyon aiki, ko da baki aka yi yarjejeniyar. Amma akwai lokaci: ka sanar da maigidanka cikin kwana 14, shi ya kai rahoto cikin kwana 7, neman diyya kuma cikin shekara guda.

Sai dokar inshorar lafiya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Mayu 2022, wadda ta mayar da hukumar inshorar daga NHIS zuwa NHIA ta kuma wajabta inshorar, har da kamfanoni masu ma'aikata biyar zuwa sama. Dokar ƙwadago ta ba da hutun rashin lafiya da albashi har kwana 12 a shekara in likita ya rubuta. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba. A takarda ba mu da talauci ko kaɗan.

Kwamared:
A takarda. Ni kuma bari in faɗi na ƙasa. Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aikinsa kafin ya wuce wata uku. Sai masu wayo suka mayar da abin sana'a: a ɗauke ka ta hannun ɗan kwangila, kafin wata uku a ce ka huta mako biyu, ka dawo a matsayin sabo. Na san mutumin da ya shekara shida yana "sabo". Ranar da inji ya cinye masa yatsu uku, tsumman goge mai aka naɗe masa hannu da shi, aka sa shi a Keke Napep. Helma ya bi shi asibiti da naira dubu ashirin a ambulan da saƙon manaja na Allah Ya sawwaƙe. Da muka bi sawu, sunansa ba ya cikin kowane littafi na kamfanin. A hukumance bai taɓa shiga ƙofar ba.

Kuma ba mu manta 2020 ba, lokacin kullen korona, da ’yan sanda suka fito da mutum sama da ɗari daga wata masana'antar shinkafa a Kano, an rufe su a ciki watanni suna aiki. A irin wannan wuri za ka kai tambarin yabo?

Baban Khalifa:
To ni bari in yi maganar da ba a so a ji. Ina biyan kashi ɗayan nan, ba kullum a kan lokaci ba amma ina biya. Ina biyan fansho ga na dindindin. Ga harajin tarayya, ga na jiha, ga na ƙaramar hukuma, ga masu zuwa da rasit iri-iri da ban san inda suka fito ba. Ga dizal, wanda shi ne ainihin mai kamfanin, ni yaronsa ne. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, na bi. Yanzu a ce in ƙara inshorar lafiya ta mutum 38 da iyalansu. Ba ƙi nake ba, Barista, lissafin ne ba ya fita.

Abin da ya burge ni a labarin Injiniya shi ne can wanda ya yi abin kirki ana saka masa. Nan in ka yi rajista ka fito fili, kai ne kowa zai sani ya zo ya tatsa. Maƙwabcina da bai rubuta ko mutum ɗaya ba, babu mai ƙwanƙwasa masa ƙofa, kuma yana sayar da kayansa ƙasa da nawa. Da gwamnati za ta ce duk wanda ya sa ma'aikatansa a inshora za a rage masa wani haraji, ko a sa shi gaba wajen bashin Bankin Masana'antu, wallahi gobe zan kai sunayen.

Kwamared:
Alhaji, ranar da aka fara ba da wannan shaidar, kafin ka gama cike fom maƙwabcin naka ya sayi tasa an buga masa hatimi.

Baban Khalifa:
Wannan kuma ban isa in rantse ba.

Ɗan Fagge (Nagoya):
Ko a nan ana wannan ƙorafin ta wata fuska. Yawancin abin kamfani ne ke cike takarda da kansa ya faɗi abin da yake yi. Akwai wanda zai ajiye na'urar awon jini a lungu, ya manna takardar hana shan taba, ya raba manhajar ƙirga taku a waya, shi ke nan ya tara maki. Aikin da ke sa mutane rashin barci kuma yana nan yadda yake. Har yau ana gardama kan ko kamfanonin da ke cin lambar suna samun riba ne saboda kula da lafiya, ko kuwa dama masu riba ne shi ya sa suke da halin kulawar. Ni dai abin da na gani ya yi min aiki a jikina guda biyu ne: likitan da zai iya rubuta wa shugabana ya kuma ji, da iyakar awanni. Motsa jikin safe da muke yi minti uku da kiɗan rediyo, wanda suka gada tun 1928, yana da daɗi, amma ba shi zai sauke min jini ba.

Mai Unguwa (mai kula da zaure):
Jama'a, na goge saƙonni biyu da aka ambaci sunan wani kamfani da manajansa. Ba ma yin haka a nan. Mai ƙorafi ya bi Barista ta akwatin sirri. A ci gaba.

Maman Iman:
Alhaji Baban Khalifa, in ka yarda in ba ka shawarar da ba ta jiran gwamnati. A masana'antar leda abin da ke cin mutane shi ne hayaƙin narkakkiyar roba, zafi, ƙarar inji, da tsayuwar awa 12. Buɗe iska ta sama, sa fankar da ke zuƙe hayaƙi a kan injin narkarwa, ajiye ruwan sha inda ba sai an nemi izini ba, sayi abin toshe kunne. Takunkumin yadi na korona ba ya tare wannan hayaƙin, kada a yaudare ka. Murfin kariyar da ake cirewa daga inji wai don aiki ya yi sauri, a mayar da shi. In za ka yi gwaji, ka ɗauko ma'aikacin lafiya daga waje, ya ba kowa sakamakonsa a hannunsa, kai kada ka gani. Abin da zai gaya maka kawai shi ne mutum nawa ke buƙatar magani. Kuma ka tara su ka faɗa da bakinka cewa ba wanda zai rasa aiki saboda abin da aka gani, ka kuma cika.

Ka leƙa ofishin KSCHMA, hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano, ka tambayi tsarinsu na masu zaman kansu, ka kwatanta da abin da kake kashewa yanzu. Don na tabbata duk wanda matarsa za ta haihu ko ɗansa ya kwanta, ƙofar ofishinka yake zuwa neman rance.

Baban Khalifa:
Hajiya kamar kina wurin. Littafi guda gare ni na bashin asibiti, rabinsa na san ba zai dawo ba. Ban taɓa zama na tara jimillarsa ba, yau zan sa akawu ya tara. Amma batun kada in ga sakamako, to in mai tuƙa min babbar mota yana da farfaɗiya ko idonsa ya mutu fa? Rayukan mutane ne a titi.

Maman Iman:
Wannan daban. Likita zai rubuta maka "ya dace da tuƙi" ko "bai dace ba, a sauya masa aiki". Sunan ciwon ba naka ba ne.

Lauyar Zaure:
Kuma "a sauya masa aiki" ba ya nufin a sauya masa zuwa gida, Alhaji.

Kwamared:
Ni har yanzu ina kan bakana. Duk wannan ya rataya ne a kan Alhaji mutumin kirki ne. Dokar masana'antu ta ba jami'an ma'aikatar ƙwadago ikon shiga su duba kowace masana'anta. Ku tambayi leburan Sharaɗa ko Bompai ko Challawa yaushe rabon da ya ga wani ya shigo ya duba injin da yake aiki a kai, ba ofishin manaja ba. Duk 28 ga Afrilu a yi taron ranar lafiya da kariya a wurin aiki a otal, a raba riga da hula, a tashi. A ba ni jami'in duba guda da ba ya karɓar ambulan, ku riƙe lambobin yabon.

Baban Khalifa:
Kwamared, in ka samo shi ka turo min shi, amma ya fara ta kan maƙwabcina.

Auta:
Na samo igiyar telan gidanmu na auna. 97. Yaya, a lissafin Japan ni wane harafi ne?

Maman Iman:
A cibiya ka auna ko ka zuƙe ciki? Shekararka nawa ma? Ka je kemis a auna maka jini gobe kafin ka karya, ka turo min.

Ɗan Fagge (Nagoya):
Auta, harafinka bai shigo cikin jadawalin ba tukuna. Jama'a, nan ƙarfe ɗaya na dare ta wuce, ku kuna biyar na yamma, kuma likita ya ce barci na cikin magani. Barista, ƙanina na aiki a wata majema, wata takwas babu takarda, fatar hannunsa duk ta sale. Zan turo miki bayaninsa ta akwati in kin ba da izini.

Lauyar Zaure:
Turo. Ka ce masa ya ɗauki hoton hannun yau da kwanan wata, ya adana duk wani saƙon banki na albashi, kuma kada ya sa hannu a kowace takarda kafin mu yi magana.